Rediyon da Ke Jin Hadari

A Sabon Garin Maraɗi, in ka bi layin masu facin taya ka wuce famfon nan da ya daina zubo ruwa tun bara waccan, za ka ga wata rumfar kwano mai ragowar shuɗin fenti. Nan Maman Lawali mai gyaran rediyo yake zama. Na ce mai gyara ne don haka ya rubuta a allonsa. Amma duk wanda ya taɓa kai masa aiki ya san yadda ake kwashewa: ka kawo rediyonka yana tari, ka karɓe shi ya yi shiru gaba ɗaya, a haɗa maka da 'yan kusoshi a ƙullin takarda, a ce maka waɗannan don ƙawa kawai turawa suka sa su.

Baki kuwa Allah ya hore masa. In ya fara zuba, har mai sauri sai ya sauke kaya ya saurara. A cewarsa, shi ne ya taɓa gyara wayar jirgin sama a filin jirgi, bature na hawaye yana roƙon ya bi shi ƙasarsu. Waɗanda ke wurin a ranar sun ce tsani ya riƙe, kuma tsanin ma sai da ya goce.

Shekarar da nake ba ku labari sojoji ne ke riƙe da ƙasa, ga fari ya cinye damina guda ɗungurungum. Iyaka a rufe, kasuwa ta mutu, kowa ya koma layin jar dawar agaji, wadda in an tuƙa ta sai ka rufe ido kafin ka haɗiye. Bazara ta yi nisa, idon kowa na gabas.

Abu ɗaya ya rage mai daraja a gidan Maman Lawali, kuma ba nasa ba ne. Matarsa Tasalla tana da 'yar gona a Jiratawa, gadon uwarta. Tana kuma da tulu guda na irin gero, wanda ta zaɓa zangarniya-zangarniya tun damina mai kyau ta ƙarshe, ta gauraya da toka, ta liƙe bakin da laka, ta tura ƙarƙashin gado. Yunwa ta kai inda ta kai, sun ci dusa, sun ci tafasa ba ƙuli, Tasalla ba ta fasa tulun nan ba. In ya shiga ƙasa a kan ruwan kirki, gidan ya tsira. In ya lalace, ba inda za a samo wani.

To, akwai abu guda na gaskiya da Maman Lawali ya sani a sana'arsa, kuma shi ya ja masa. In ana walƙiya, ko daga nesa ne, rediyo yakan yi tsartsar kamar an watsa ruwa cikin tafasasshen mai. Wannan haka yake, ba ƙarya.

Wata la'asar, sama fes kamar an wanke kwano, yana zaune da babban rediyonsa mai jakar fata, sai ga abokinsa Ɗanliti. Ɗanliti kafinta ne, Kirista, mutumin Tsibiri. Kullum yakan shigo Maraɗi aiki, in ya tashi ya biyo rumfar su gaisa kafin ya kama hanyar gida. Yana da wata tsohuwar mobilet, irin ƙaramin babur ɗin nan, da yake kira Gwaggo, don in ta yi fushi ba mai iya lallashinta. In aka kashe ta sai an tara ƙarti sun tura ta har kwalta kafin ta yarda ta tashi, saboda haka in ya tsaya gaisuwa sai ya kafa ta ya bar ta tana ɓaɓatu. A ranar kuma hular bujinta, wato fulogin da ke ba injin wuta, ta faɗi a hanya, ya naɗe wayar da tsumma, ya ce ta isa.

Yana kafa Gwaggo a bakin rumfa, rediyo ya ɗauki tsartsar.

Maman Lawali ya ɗaga hannu. "Tsit! Kowa shi yi tsit!"

Gado mai kilishi, da ke shanya nama a ƙetaren layi, ya tsallako yana waige-waige, ya yi ƙasa da murya. "Lahiya? Ko wani abu ya faru a Yamai?"

"Yamai ɗin mi? Hadari ne! Saurara da kyau. Wanga ba ƙaramin ruwa ba ne."

Duk suka ɗaga kai. Ba komai a sama sai wata shirwa da ita ma yunwa ta hana ta tashi da kyau.

Ɗanliti ya ce, "Lawali, ko girgijen da ya kai tafin hannu babu."

"Kai da ido kake kallo, ni da ilimi nike saurare. Ido iyakarshi bakin gari. Wanga akwati shina jin walƙiya tun tana Damagaram."

Ɗanliti ya hau Gwaggo ya tafi, rediyo ya koma kiɗansa. Maman Lawali ya gyaɗa kai, ya ce hadarin ya karkata kudu.

Da ba a yi rashin sa'a ba, da maganar ta mutu a nan. Sai washegari wani direban kasuwa ya ce ya ji an ce an yi yayyafi can bayan Madarunfa. Bai gani ba, ji ya yi, wanda ya gaya masa ma ji ya yi. Shi ke nan. Kafin azahar Maman Lawali ya goge allonsa ya ƙara rubutu a ƙasa: Ana Duba Hadari. Kafin la'asar sunansa ya koma Malam Meteyo, wato mai hasashen yanayi da Faransanci.

Daga nan rumfa ta zama majalisa. Mutane su zo daga unguwar Zariya, daga tsohon gari, su tsuguna suna kallon jakar fata. In wani babur ya gifta rediyo ya ɗan yi tsar, Malam Meteyo ya ce wannan gajimare ne mai wucewa, kada kowa ya ɗaga hankali. In la'asar ta yi sanyi Ɗanliti ya iso, abin ya kacame, sai ya miƙe tsaye ya ba da umarni kamar kwamandan.

Zuliha mai waina ta jera robobi da tukwane ƙarƙashin indararo, suka kwana uku suna tarar ƙasa, aka sace mata biyu. Tanimu magini ya rufe tubalinsa da sababbin tabarmi, awaki suka cinye tabarmin har da igiya. Gado kuwa, duk yamma sai ya kwashe naman da bai gama bushewa ba ya cusa a ɗaki. Ran da ya buɗe ɗakin, sai da karnukan layin suka canza unguwa.

Ya zo rumfa da tsinken nama a hannu, ya miƙa shi daidai hancin Maman Lawali. "Shaƙa! Shaƙa ilimi!"

"Kauce mini da mushe, Gado."

"Jiya kilishi ne. Kai ka maishe shi mushe. Ina ruwan?"

"An yi shi."

"A ina?"

"A Gidan Runji. Kai ka taɓa zuwa Gidan Runji jiya?"

"Ban tahi ba."

"To da mi za ka ƙaryata ni? Ni aikina in ji hadari. Ban ce ni ke riƙe da linzaminshi ba. In ya zo bakin gari ya shaƙi warin namanka ya juya, laihin wa?"

Jama'a suka fashe da dariya, Gado ya koma yana rantsuwa. Haka Maman Lawali ya yi ta raba ruwa a ƙasar Maraɗi. Ya ba Dakwaro, ya ba Tasawa, ya ba Mayahi har sau biyu. Duk garin da ba wanda ya fito daga can a ranar, to ya samu ruwa.

Wanda ya fara yarda da ƙaryar nan har zuci kuwa shi ne mai ita. Da ya ga manyan mutane na tsugunawa gabansa, sai ya ga abin da ya rage kawai ya nuna wa duniya a aikace. Akwai shukar da ake kira binne: ka zuba iri a busasshiyar ƙasa in ka tabbata ruwa na bakin ƙofa, yana sauka naka ya riga na kowa tsira. In ruwan ya yi jinkiri kuwa, rana ta gasa irin, tururuwa su kwashe saura. Manoma na yin ta da tsoro. Maman Lawali, wanda rabonsa da sungumi tun yana yaro, ya ce shi zai yi ta da ilimi. Ranar da gonarsa ta yi kore alhali ta kowa jar ƙasa ce, har perefe mai mulkin jihar sai ya aiko a kira shi.

Ya shiga gida ya tarar Tasalla na tankaɗen garin jar dawa.

"Tasalla, ɗauko tulun nan. Lokaci ya yi."

Ba ta ɗago ba. "Lokacin mi, Malam?"

"Binne. Ruwa ya matso."

"Wanda ya matso makon jiya fa?"

"Wancan na Mayahi ne."

"Allah shi ba su albarka. Malam, in tambaye ka mana. Ruwan nan naka, shi ma Kirista ne?"

"Wace irin maganar banza ce wagga?"

"Na ga kullum shina tahowa, amma ban taɓa jin ka yi shelarshi ran Lahadi ba. Na ce ko majami'a shike zuwa tare da Ɗanliti."

Maman Lawali ya gyara hula. Wani abu ya ɗan taɓa shi a ƙeya, irin taɓawar da in mai hankali ne zai zauna ya bi ta. Shi kuwa sai ya kore ta kamar ƙuda.

"Ke mi kika sani game da iska da lantarki? Ran Lahadi turawan tasha ba su aiki, wayar sama sai ta yi sanyi."

"To. Ni dai tuluna ba ya jin wayar sama. Ran da na tona ƙasa na ga danshi ya wuce tsawon hannuna, ran nan za a fasa shi. Kafin nan, wanda ya taɓa shi, ni da shi."

Bayan kwana biyu aka yi shelar rabon dawar agaji. Tasalla ta ɗauki buhu ta tafi layi tun da safe, layin da kowa ya san sai yamma. Tana fita Maman Lawali ya ja tulu daga ƙarƙashin gado, ya naɗe shi da zane, ya nufi shagon Ɗanliti.

"Tasalla ta ce ka taimaka ka kai ni Jiratawa."

Ɗanliti ya dubi tulun, ya dubi mai tulun. "Ita ta ce? Da bakinta?"

"Da mi za ta ce, da ƙahwa?"

Aka tara ƙarti aka tura Gwaggo. Maman Lawali ya hau baya, tulu a cinya, rediyo rataye a wuya yana lilo daidai kan injin. Ai kuwa tun daga Sabon Gari rediyon nan ya haukace. Bai taɓa irin wannan tsartsar ba. In Ɗanliti ya ƙara wuta, ya ƙara ihu.

"Ɗanliti! Ka ji? Ka ji?"

"Ban jin komi sai Gwaggo!"

"Ƙara wuta! Shina bayanmu! Kowane ƙarin gudu muka yi shi ma ƙarawa shike!"

Suka shiga Jiratawa kamar an koro su, kaji na tashi sama. Daga can gefe ana hango gonakin fanfo na gwamnati, na noman rani, shar da ganye, amma gonar Tasalla tana tudu, jar ƙasa mai ƙona tafin ƙafa. Wani tsoho mai suna Idirisa, maƙwabcin gonar, ya ga ana fasa bakin tulu, ya taho yana dogara sanda.

"Kai mijin Tasalla, binne za ka yi? Yanzu? Gawo bai ko fara zubar da ganye ba. Shamuwa ba ta zo ba."

"Baba, shamuwa ba ta yi lakol ba, ba ta san boko ba. Saurari wanga."

Ya miƙa masa rediyo. Gwaggo na gefe tana ɓaɓatu, rediyo na amsa mata. Tsoho ya saurara, ya ce shi dai bai ji komai ba sai kamar ana suyar fara. Maman Lawali ya ari sunguminsa duk da haka. Ya yi ta sara yana zubawa, layinsa ya karkace kamar sawun maciji, wani rami ya zuba tafi guda, wani ya manta. Kafin rana ta yi sanyi tulu ya zama fanko. Ya tsaya yana haki, ya ce da Idirisa ya je ya gyara rufin ɗakinsa.

A daren bai koma gida ba. Ya ce wa Ɗanliti mutanen Tsibiri ma 'yan'uwa ne, bai kamata ruwa ya same su ba shiri ba, gobe kuma kasuwarsu. Gaskiyar magana, ya tuna wa zai tarar a gida.

Washegari da hantsi kasuwar Tsibiri ta cika, ko da yake yawanci kallo aka zo. Ɗanliti ya sauke shi gindin wata bishiya, ya kafa Gwaggo don ya sayi ƙusa ya wuce aiki. Maman Lawali ya haye kan wani turmi da aka kawo sayarwa, ya ɗaga rediyo sama.

"Gobirawa! Ku matso ku ji abin da gidan rediyon gwamnati bai gaya muku ba! Su can Yamai sai ruwa ya jiƙa su suke sani. Ni wanga akwati nawa shina kamo labarin da ba kowa ke kamawa ba! Daga nesa ake aiko mini, kai tsaye! Duk mai iri shi tahi shi binne yau. Ni nan da kuke gani na binne nawa jiya, tulu guda!"

Mutane suka fara taruwa. Wata tsohuwa mai suna Saloma, mai sayar da daddawa, ta ce, "Ɗan nan, in ba a yi ruwan ba, kai za ka ba mu wani irin?"

"Iya, in ba a yi ba, ki dafa ni ki ci."

"Wa zai ci baki zalla?"

Ana cikin dariya sai taron ya dare gida biyu. Ta nan wani ajidan, babba a cikin jandarma, ya taho, dogo, gashin baki kamar ƙahon sa, da yaransa biyu. Ta can kuma Tasalla ce, mayafi ɗaure a ƙugu, fasasshen murfin laka a hannu. Jiya da yamma ta bi sawun tulunta har Jiratawa, ta ji an yi Tsibiri, tun asuba kuma ta tako daga Maraɗi a ƙasa. Maman Lawali ya dubi ajidan, ya dubi Tasalla, ya ga in zaɓi ne gara ajidan.

Ajidan ya ce, "Kai ne mai kama labarin da gwamnati ba ta sani ba?"

"Ranka shi daɗe, wato... na hadari ne kawai."

"Ka ce daga nesa ake aiko maka. Wa ke aikowa? Daga wace ƙasa?"

A zamanin nan, wannan tambaya ita ce ƙofar ɗakin da ake shiga ba a san ranar fita ba. Maman Lawali ya yi saurin miƙa masa rediyo.

"Walƙiya ce, mon ajidan! Wallahi walƙiya ce! Ga shi, saurara da kunnenka."

Ajidan ya karɓi rediyo ya kara a kunne, ya yamutsa fuska. "Ban ji da kyau. Babur ɗin wane ne wanga ke cika mana kunne? A kashe shi!"

Ɗanliti ya taho da gudu. "Mon ajidan, don Allah, in aka kashe ta..."

"Kashe!"

Ɗanliti ya kashe Gwaggo kamar mai yanka akuyarsa ta ƙarshe.

Tsartsar ta ɗauke ɗif. Sai ga muryar wata mata a rediyo, garau, tana koya wa iyaye yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari.

Ajidan ya jijjiga rediyo. "Ina walƙiyar?"

"Ta... ta karkata, ranka shi daɗe. Ta yi wajen Dakwaro."

"Yanzu-yanzu?"

"Haka take yi. Ba ta da tabbas."

Tasalla ta matso. "Ranka shi daɗe, ni ce matarshi. A tada babur ɗin nan a gani."

Ajidan ya dube ta, ya dubi babur, gashin bakinsa ya motsa. Ya nuna Maman Lawali. "Sauko. Tura."

Malam Meteyo ya sauko daga turmi, ya kama bayan Gwaggo. Ya tura ta har rumfar masu gishiri, ta yi tari ta ƙi. Ya turo ta har wajen masu tukwane, ta yi atishawa ta ƙi. Yara na biye suna tafi. A karo na uku ta tashi da ƙarfi ta fizge, ya kife a ƙasa hularsa ta yi gaba. Ɗanliti ya kewayo da ita gaban ajidan. Nan take rediyo ya ɗauki suya.

"Kashe."

Shiru, sai ruwan gishiri da sukari.

"Tura."

"Mon ajidan, ai an gane..."

"Ni ban gane ba tukuna. Ban yi ilimin iska ba. Tura!"

Sai da aka yi ta yi har rigarsa ta jiƙe sharkaf. Saloma ta ce, "To ga ruwan ya sauka, amma a bayan mutum ɗaya." Wani ya ce ashe duk wannan lokaci hadarin da esansi, man babur, yake tafiya. Ɗanliti ya riƙe kai. "Lawali, ashe ni ne damina ban sani ba? Kuma ka ce mini da bakinta ta ce!"

Ajidan ya share hawayen dariya, sannan ya haɗe fuska. "Wanga baza jita-jita ne. Mutane su binne irinsu a banza saboda kai? Ku tahi da shi."

Tasalla ta sha gabansu. "Ranka shi daɗe, in kuka kulle shi, hutu kuka ba shi. Zai zauna inuwa kuna ciyar da shi, irina na gasuwa a Jiratawa. Ku ba ni shi."

"Mi za ki yi da shi?"

Ta juya wajen mai sayar da kayan tankaɗe, ta zari rariya guda, ta danƙa wa mijinta a ƙirji.

Ajidan ya dubi rariya, ya dubi Maman Lawali, ya ce wa yaransa, "Ku sake shi. Mu ba mu da irin wanga hukunci."

Abin da mutanen Jiratawa suka wayi gari suka gani ke nan: Malam Meteyo durƙushe a tsakiyar gona, yana tone ramukan da ya binne ɗaya bayan ɗaya, yana tankaɗe ƙasa, yana tsince gero yana zubawa a ƙwarya. Tasalla na zaune gindin gawo da tulu a gabanta, ta rataye rediyo a reshe, a kunne, wai ya taya shi hira. Da yake layin nasa a karkace yake, sai ya bi sawun kansa kamar mai neman ɓatacciyar akuya. Masu wucewa zuwa gonakin fanfo kan tsaya.

"Sannu da aiki, Malam! Mun ga ana shuka, mun ga ana girbi, wanga wane ne?"

"Binciken ƙasa nike yi," in ji shi, bai ɗago ba.

Kwanaki ya yi yana wannan bincike. Ramukan farko sun ba da irinsu kusan duka. Na tsakiya, rabi. Da ya kai na ƙarshe, sai ya tarar tururuwa sun riga shi, sun bar masa toka. Tulu dai ya tashi sama da rabi. Tasalla ta leƙa ciki, ta ɗago ta dube shi, kuma wannan kallon ya fi masa tura Gwaggo ciwo.

Ranar ƙarshe Ɗanliti ya zo taya shi, don ya ce shi ya ɗauko tulun, da hannunsa a ciki. Da la'asar, Maman Lawali na durƙushe ya ba gabas baya, sai rediyo ya yi tsar. Ya sake yin tsar-tsar.

"Ɗanliti, don girman Allah kashe tsohuwar nan taka. Ta ishe ni."

"Gwaggo? Tana Tsibiri. Esansi ya ƙare, a motar kasuwa na zo."

"To wani babur ne a hanya."

Tsoho Idirisa, da ke tsaye a kan iyaka yana kallon wani wuri, ya ce, "Mijin Tasalla, mi akwatin ke cewa?"

Maman Lawali ya buga rariya a ƙasa. "Baba, ni za a koya wa rediyo? Wanga buji ne. Na san kukan buji ko cikin barci. Ka rubuta ka aje, ba ruwa nan da wata guda. In aka yi, ka..."

Iska mai sanyi ta ɗauke hularsa. Ya waiga. Gabas ta yi baƙi ƙirin tun daga ƙasa har tsakiyar sama, walƙiya na tsaga ta.

Tasalla ta rungume tulu ta rufe shi da mayafi, suka kwasa a guje zuwa zauren Idirisa. Ba wanda ya tuna da rediyo. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, har gari ya waye ana yayyafi.

Da safe Tasalla ta durƙusa a gonarta ta tona ƙasa da hannu. Ta zura har gwiwar hannu, danshi bai ƙare ba. Ta miƙe, ta ɗauki sungumi ta miƙa wa mijinta. Can a reshen gawo jakar fata na ɗigar ruwa.

Maman Lawali ya karɓa, ya gyara murya, ya dubi Idirisa da Ɗanliti. "Amma dai ku shaida ne, akwatin nan ya faɗa. Tun jiya da la'asar ni na fara jin..."

Tasalla ta ce, "Malam, ni zan zuba irin. Kai sara kawai. Kuma ka miƙe layi."